Kitson Gwaggo Hussaina

Saƙon da ya zo daga Batsari gajere ne, amma sai da ya hana mutanen gidan su Zulaihat cin abincin rana.

"Gwaggo Hussaina na gaishe ku. Ta ce ran Juma'a tana nan tafe, ita za ta yi wa yarinya kitso da hannunta."

Matar da ta kawo saƙon ta sha ruwa ta yi gaba abinta. Inna ta dubi ƙanwarta Anti Lami, Anti Lami ta dubi Zulaihat, ita kuwa Zulaihat ba ta dubi kowa ba. Hannu kawai ta kai ta dafe ɗankwalinta.

Mannir shi ne malamin makarantar da ke neman auren Zulaihat. Gwaggo Hussaina yayar mahaifinsa ce, ita ta rene shi tun yana maraya, kuma a gidansu maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Al'adarta ce, duk macen da za ta shiga zuriyarsu sai ta zauna tsakanin ƙafafunta ta kitse mata kai. Ta ce a kai ake gane mace, tsabtarta da haƙurinta duk a nan suke. Sai dai kitson nan a satin biki take yin sa. Yanzu kuwa ko rana ba a sa ba. Ko yaro ya san wani ya kai mata magana.

Kuma maganar ba ƙarya ba ce. Zulaihat ba ta da gashi.

A da kam, a Runka, da gashinta ake kwatance. Ranar da 'yan bindiga suka shiga unguwarsu suka kashe mahaifinta a bakin rumbu, suka cinna wa ɗakuna wuta, kowa ya yi ta kansa. Zulaihat ta riga ta kai bakin gona ta tuna Inna na kwance da zazzaɓi. Ta koma. Ta jawo Inna ta fito da ita, amma jinkar ɗakin ta rufto mata a ka tana ci. Daga goshi har tsakar kai fata ta salluɓe, abin da ya rage a ƙeya ma'aikatan asibiti suka yanke don su samu yin magani. Ciwo ya warke, gashi bai dawo ba. Tun da suka dawo Safana gidan Anti Lami, hular gashi take sawa ƙarƙashin ɗankwali, don mata idonsu ya fi allura kaifi, daga tudun ɗauri suke gane abin da ke ciki.

"Tashi," in ji Anti Lami. "Tashi mu tafi wurin Ramlat. Zama bai gan mu ba."

Ramlat mai shagon gyaran gashi ce a bayan kasuwa, ita ma gudun hijira ya koro ta daga Ruma. Ta sauke labule, ta zazzago hulunan gashi a kan tabarma. Anti Lami ta yi caraf ta ɗauki wata doguwa mai sheƙi har gadon baya.

"Wagga ita ce! Sa mu gani."

Zulaihat ta cire tsohuwar da ke kanta, Ramlat ta kalli tabon ta yi salati. Duk inda robar hular ta bi ya yi ja, wani wurin har ya fara ruwa.

"Ke da wanga abu kike kwana kike tashi? Ai ta yi maki kaɗan, kuma ragar cikin nan kaushi gare ta. Mai tabo ba ta sa mai ƙarfe a ciki, ba ta sa mai nauyi. A auna kai tukuna, a samu mai laushi wadda iska ke ratsawa."

"Mu ba daɗi muka zo nema ba," in ji Anti Lami. "Rufin asiri muka zo nema. Ki manna mata wagga da gam, yadda ko an ja ba ta ɗagawa."

Aka ɗora mata doguwar. Nan take zufa ta karyo mata, ƙananan haƙoran ƙarfen da ke ciki suka kama tabon kamar ƙaya. Ta dubi madubi, ta ga wata mata da ba ta sani ba. Ta ciro hular ta ajiye a hankali.

"Ba ni sa ta."

"Zulai!"

"Anti, ba ni sa ta. Kuma ba mai shafa mani gam a kan ƙuna. Wuta ta ci rabonta, ba zan bari gam shi ci sauran ba."

"To in tsohuwar nan ta sa tsinke ta ji raga fa? Kin san mi za a ce? A ce mun yaudari ɗan mutane!"

"In an manna ne za a ce haka, kuma da gaskiyarsu."

Ramlat ta tsoma baki don ta raba su. Ta ce ita da za a samu gashin mutum na gaske, ko gajere ne, da ta ɗinka shi a kan hula mai taushi daidai kan Zulaihat, wadda za ta wuni da ita ta manta tana nan. Amma irin wannan sai manyan birane. Suka fito ba su ɗauki komai ba, Anti Lami na gaba tana faɗa ita kaɗai.

A bakin layi suka ci karo da Badamasi, ya jingina da babur ɗinsa yana sakace haƙori. Shi ne wanda aka yi wa baiko da Zulaihat tun a Runka. Da aka kwantar da ita asibiti ya je dubiya, ya tarar ana wanke ciwon, ya ce bari ya je ya sayo lemo. Har yau lemon bai iso ba. Da ya ji malamin makaranta na nemanta kuma, sai tsohuwar soyayya ta motsa. Wani namijin ai bai san yana son tuwo ba sai ya ga wani ya miƙa hannu.

"Zulai, an zo sayen gashi?" Ya yi murmushi. "Ki daina wahal da kanki. Ni na san abin da ke ƙarƙashin mayafin nan, kuma na yarda in rufa maki asiri. Wa zai ɗauke ki in ba ni ba?"

Ta tsaya cak.

"Kai ka je Batsari."

"Gaskiya na faɗa. Ko laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Na gode, ka rage mani aiki." Ta matso har sai da ya gyara tsayuwa. "Amma ka ji da kyau, Badamasi. Asirin da kake son rufawa, ni ban ɗauke shi abin kunya ba. Uwata na shiga ɗaukowa. Kai da kake da gashinka cif, wa ka koma ɗaukowa ran nan?"

Kowa a Runka ya san a kan babur ya bar garin shi kaɗai, ƙannensa mata a ƙafa suka biyo daji.

Ta wuce da ƙarfinta ta sha kwana. Badamasi bai dame ta ba. Abin da ke cin ranta shi ne Mannir bai sani ba.

Mannir ya koyar a firamaren Runka kafin a rufe ta, a nan ya fara ganinta tana kai wa ƙaninta abinci, jelar kitsonta na leƙowa ta ƙasan hijabi. Bai yi magana ba a lokacin don an riga shi. Da ya ji baikon ya warware ya nemo ta har Safana. Sau nawa ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ya yi mata wannan dariyar tasa, ta ce bari sai wani zuwan. Tsoro take ji, tsoron kada shi ma ya tafi sayen lemo.

Bayan la'asar ya yi sallama. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, suka gaisa. Fuskarsa a ɗaure take, abin da ba ta saba gani ba.

"Zulaihat, an kai wa Gwaggo wata ƙarya a kanki. Ba zan ma maimaita ba. Ta ce ita ba a kawo mata mai gashin doki cikin gida, ƙarin gashi haramun ne, kuma wadda ta ɓoye wannan za ta ɓoye wanda ya fi shi. Raina ya ɓaci. Na ce mata ni da idona na ga gashinki a Runka. Na rantse mata."

Ta ɗago ta dube shi.

"Mi ka rantse?"

"Na ce wallahi in har gashin da za ta kitsa ran Juma'a ba naki ba ne, na haƙura da ke. Ta ce ta riƙe ni a kan haka." Ya yi murmushi. "Kin ga shi ke nan, ta zo ta ji kunya."

Hawayen da ta yi ta dannewa tun safe suka ɓalle.

"Malam, mi ya kai ka rantsuwa a kan abin da ba ka tambaye ni ba?"

"Zulaihat..."

"Gashin da ka gani a Runka, a Runka ya tsaya. Wuta ta cinye shi. Abin da ke kaina yanzu tabo ne daga nan har nan." Ta nuna da yatsa a kan hijabi. "Hula nike sawa. Ba ƙarya aka yi mani ba."

Ta ga yadda idonsa ya hau kan hijabinta ya sauka da sauri.

"Don mi ba ki faɗa mani ba?"

"Don ina sonka," ta ce cikin kuka. "Don na taɓa ganin yadda fuskar namiji ke komawa in ya sani, ban so in ga taka ta koma haka ba. Na yi laifi da na yi shiru, ka yafe mani wannan. Amma ba zan ba ka haƙuri a kan kaina ba. Ko yau aka sake cinna wutar nan Inna na ciki, sai na koma."

"Ni ban ce..."

"Kada ka ce komai yanzu. In ka yi magana yanzu tausayi ne zai yi ta, ni kuma na ƙoshi da tausayi. Safana kaf ba wanda bai ba ni shi ba. Tashi ka tafi ka yi tunani. In ka fasa, ba sai ka nemi dalili ba, rantsuwarka ma ta ishe ka mafita."

Ya sunkuyar da kai. Daga baya ya miƙe ya sa takalmi ya fita, ko sallama bai iya yi ba.

Ta shiga ɗaki ta faɗa kan cinyar Inna tana kuka kamar ranta zai fita. Inna ta bari sai da ta yi mai isarta, ta ji duk yadda aka yi, sannan ta ture ta a hankali ta jawo tsohuwar jakar da suka gudo da ita. Daga can ƙasa ta ciro wani ƙulli na farin ƙyalle ta kwance.

Kitso ne. Jela-jela, baƙi wuluk, kauri kamar igiyar guga, bakin wasu ya ɗan babbake.

"Inna, wannan fa?"

"Naki ne. Da suka yanke a asibiti za su zuba a shara, na ce a'a, mu ba mu yar da gashi, binne shi mukan yi kada shi faɗa hannun mugu. Na ƙulle da niyyar in mun dawo in binne." Ta shafa kitson. "Sau uku ina gina rami a bayan ɗakin nan. In na zo sawa sai in ga kamar ke nike binnewa. Ni na kitsa shi da hannuna ana jibi za su shigo."

Anti Lami ta rangaɗa guɗa har da tsalle.

"Allah mai iko! Rantsuwa ta fita! Ya ce in ba nata ba ne, to ga shi nata ne! A kai wa Ramlat ta ɗinka, a manna shi da gam tsaf, tsohuwa ta yi kitsonta ta tafi ba ta san dawan garin ba."

Zulaihat ta share hawaye, ta rungume ƙullin a ƙirji.

"Za a kai wa Ramlat. Amma ba gam."

Ramlat ta warware kitson ta wanke, ta yanke inda wuta ta taɓa, ta auna kan Zulaihat ta ko'ina, ta ɗinka shi layi-layi a kan hula mai laushi, ba ƙarfe, ba roba mai matsi, sai ɗan zare a ƙeya da za ta ɗaure daidai yadda take so. Bai kai tsawon da ba, iyakarsa kafaɗa. Da Zulaihat ta sa ta dubi madubi, wannan karon ta gane mai kallonta. Ramlat ta ce saura abu guda, ta samu 'yar hular auduga marar ɗinki a tsakiya ta riƙa sawa a ƙasa saboda zufa, ita tata ta ƙare.

Daga Mannir kuwa shiru. Ko kira babu.

Ran Juma'a da hantsi Gwaggo Hussaina ta iso, doguwar tsohuwa mai tsage a kumatu, da ƙullin kayan kitsonta a hammata. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya, aka jajanta halin da ake ciki, aka yi addu'ar Allah ya kawo sauƙi. Ta ƙi taɓa furar da aka kawo. Ta zauna kan kujera 'yar tsugune a inuwar darbejiya ta ware ƙafafu.

"Ina ɗiyar? Ta zo ta zauna."

Zulaihat ta fito ta durƙusa ta gaishe ta. Ba ta juya ta zauna tsakanin ƙafafun ba. Ta cire ɗankwali, gashi ya zubo kafaɗa. Gwaggo ta ɗan yi turus, don ba abin da aka ce mata za ta gani ke nan ba. Anti Lami ta fara murmushin nasara.

Sai Zulaihat ta kai hannu ƙeya ta kwance zaren. Ta ɗaga hular gaba ɗaya ta ɗora a kan cinyar Gwaggo.

Anti Lami ta ɗora hannu a ka. Inna ta runtse ido. Tabon ya fito fili cikin rana, sumul, fari da ja.

"Ga shi, Gwaggo. Kin ce za ki yi mani kitso."

"Innalillahi!" Gwaggo ta janye hannuwanta kamar an ɗora mata maciji. "Ashe da gaske ne. Ke yarinya, ni za ki miƙo wa gashin doki? Ko na wata matacciya ne can a wata ƙasa?"

"Ba na doki ba ne, ba na kowa ba ne. Nawa ne. A kaina ya tsiro, Inna ta ajiye shi da aka yanke. Da na so, da an manna mani shi kin kitse kin tafi, rantsuwar Malam ta fita. Ban so in shiga gidanku ta ɓarauniyar hanya ba. Ki duba da kyau, wannan shi ne kan. In kin ce bai yi maku ba, wallahi zan yi kuka, don ina son ɗanki. Amma ba zan mutu ba. Wadda ta fi wannan ma ban mutu ba."

"Baki gare ki."

"Shi wuta ta bar mani, Gwaggo."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon tabon, ba ta kau da ido ba, kuma ba ta yi wannan tsakin tausayin da Zulaihat ta tsana ba. Sannan ta sa yatsu cikin gashin da ke cinyarta, ta murza, ta kai hanci ta shinshina. Wadda ta shekara arba'in tana kitso ba a yi mata bayanin gashin mutum.

"Wanda ya zo mani cewa ya yi ciwon ƙazanta ya cinye maki kai," ta ce a hankali. "Bai ce wuta ba."

"Ni ta shiga ɗaukowa," in ji Inna.

Gwaggo ta gyara zama. Ta jawo ƙullinta ta kwance, ta fito da tsinke da mataji da kwalbar man shanu. Wani ɗan farin abu ya biyo su ya faɗo ƙasa. Ta ɗauka tana jujjuyawa.

"Af, ga wannan. Mannir, ɗan nema, ya tare ni a bakin tasha ya cusa mani, wai in ba ki. Na ce mi za ta yi da hular jarirai? Ya ce ke kin sani. Wai har Safana ya zo jiya wurin wata mai shago yana tambayar abin da ba ya cutar da tabo, ya kwana yana sa tela ya ɗinka yana warwarewa."

Hular auduga ce, fara, mai laushi, ba ɗinki a tsakiya.

Zulaihat da ta tsaya ƙyam gaban Badamasi, ta tsaya ƙyam gaban Gwaggo, sai ga ta ta kife fuska cikin 'yar hular nan tana kuka da sauti.

"To, ya isa," in ji Gwaggo. "Sa abinki, rana na dukan kan. Ke Lami, daina tsayuwa kamar an dasa ki, kifo mani ƙwarya nan."

Aka kawo ƙwarya. Ta kifa ta a kan gwiwarta, ta ɗora hular gashin a kai ta daidaita, ta lakato man shanu. Ta sa tsinke ta tsaga layin farko tiryan-tiryan, sannan ta ɗago ta harari Zulaihat.

"Matso nan ki riƙe mani ƙwaryar, ban saba kitsa kan da ba ya cewa wash ba. Shuku kike so ko zane? Ki faɗa da wuri, mu a gidanmu amarya ita ke zaɓe."